Ranar da Na Tashi Karɓar Lambar Inna Hajo

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da na so in manta (kuma Allah ya sani na so), da ranar da na miƙe a gaban jama'a zan karɓi lambar yabon da ba tawa ba.

Ni malamin makarantar sakandare ne a Maiyama, labarin ƙasa nake koyarwa. Da 'yan asalin yankinmu mazauna birni suka haɗa hannu suka sayo wata bas don ƙauyukan da mota ba ta shiga, sai aka kafa kwamitin da zai tsara inda za ta bi da lokacin da za ta tashi. Aka saka ni a ciki saboda an ce na san taswira. Ni ma na yarda na sani, har fiye da yadda suka zata.

Kwana biyu na yi na gama aikin. Na ja layi miƙaƙƙe daga ƙauyukan bayan Mungadi zuwa Maiyama, na sa tasha a ƙofar kowace firamare, na rubuta cewa mota za ta tashi ƙarfe takwas na safe. Na shafa wa takardar launi har kala huɗu. Muka ɗauke ta muka tafi ƙauye don mu nuna wa mutane, ni a zuciyata sanarwa kawai za mu yi mu dawo.

A can na fara haɗuwa da Inna Hajo, wata tsohuwar ungozoma, 'yar ƙarama, mai dogara sanda. Ta daɗe tana kallon takardata a juye (ban gaya mata a juye take ba, ina jin daɗin abin a raina), sannan ta ce, "Malam, wanga layi naka ta ina ya bi?"

Na yi mata bayani a hankali, irin yadda nake yi wa 'yan aji ɗaya.

Ta ce, "To ai fadama ce nan. In damina ta sauka ko jaki ba ya ratsa ta. Kuma mi mace mai ciki za ta yi ƙofar makaranta? Wurin injin niƙa mata ke taruwa, akwai inuwa, akwai rijiya. Ƙarfe takwas ɗin nan kuwa, mai albasa da ya nufi Aliero ya riga ya makara, mai zuwa awo asibiti ya tarar da layi."

Daga nan ta sa bakin sandarta a ƙasa ta fara zane. Ta bi ta kan tudu, ta kewaye fadamar, ta ratsa wasu rugage biyu da ko sunansu babu a taswirata. Ta san gidan da ke da mai ciwon ƙafa, ta san inda yara mata suka daina zuwa makaranta saboda nisa. Shekara da shekaru tana bin hanyoyin nan da ƙafa idan an kira ta karɓar haihuwa. Ita ce kuma ta ce a raba wa 'yan kabu-kabu kwanaki, kowace rana a san wanda ke jiran kira idan naƙuda ta zo wa wata bayan mota ta wuce.

Sau uku ina musu da ita, sau uku mutanen wurin suna goyon bayanta. A ƙarshe na tsuguna na kwafe zanen ƙasan nan a littafina, na dawo gida na sake shi a babbar takarda, na shafa masa launi. A ƙasan takardar na rubuta sunana, da manyan baƙaƙe.

Tsarin ya yi aiki. Mota na tashi bayan sallar asuba, mata na isa awo da wuri, ranar kasuwar Jega kuma takan zarce har can. A ajina kaɗai na ga sababbin fuskoki na yaran da da ba sa iya zuwa. Duk inda aka yaba, sai in sunkuyar da kai in ce, "Ai aikin jama'a ne," da irin muryar da ke nufin aikina ne.

Bayan shekara guda ƙungiyar waɗanda suka sayo motar ta shirya taron karrama waɗanda suka yi hidima. Sakataren kwamiti ya ce mini, "Malam, kada ka kuskura ka ƙi zuwa, akwai lambar tsara hanya." Bai ce tawa ba ce. Ni na ƙarasa masa zancen a raina. Na ba tela ɗinkin sabuwar shadda, na rubuta jawabi shafi biyu, na gayyaci matata, na kuma aika wa surukina, Alhaji, mahaifinta, har Gumbin Kure cewa ya zo ya ga abin alheri. Matata ta tambaye ni, "Malam, an dai faɗa maka da baki?" Na ce mata irin wannan ba a faɗa, ganewa ake yi.

Ranar taro rumfa ta cika. Shugaban ƙungiya ya karɓi abin magana ya ce, "Yanzu sai lambar wanda ya zana mana hanyar nan, wanda iliminsa na ƙasar nan ya sa mota ta kai inda ba ta taɓa kaiwa ba."

Ban jira suna ba. Na miƙe, na gyara hula, na taka a hankali kamar yadda na gwada a ɗaki. Har na ɗaga wa jama'a hannu (wannan ɗaga hannun shi ya fi ci mini rai har yau). Na isa gabansa na miƙa hannu biyu daidai lokacin da ya ce, "Inna Hajo."

Ya dube ni, na dube shi. Ya sunkuyo zai yi mini raɗa, ya manta abin maganar na bakinsa, sai duk rumfar ta ji: "Malam, ba kai ba ne."

Dariyar ba ta tashi gaba ɗaya ba. Daga baya ta faro, wajen ɗalibaina, ta riƙa matsowa layi-layi har ta iso kujerun manya. Na hango matata ta ja mayafi ta rufe fuska. Alhaji kuwa ya tsura wa carbinsa ido kamar yau ya fara ganinsa. Na rasa ko gaba zan yi ko baya, hannuwana na nan a miƙe.

Sai na ji muryar Inna daga gefen mata: "Malam, tunda ka taso, zo ka kama ni. Ƙafar ta ƙi."

Na tafi na kama hannunta muka taho a hankali. A hanya, ƙasa-ƙasa, ta ce, "Ɗaga kanka. Ba sata anka kama ka da ita ba." Ni kuwa a lokacin ne na gane cewa kusan satar ce, domin shekara guda ina yawo da zanenta da sunana a ƙasa, ban taɓa ambatarta a ko'ina ba.

Da aka ba ta abin magana ba ta yi dogon jawabi ba. Ta gode wa direba, ta kira sunan 'yan kabu-kabu ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta ce, "Wanga malami kuwa gardama gare shi, amma da ya ga gaskiya ya duƙa ƙasa ya rubuta. Masu ilimi da yawa ba su duƙawa." Aka tafa mini. Wannan tafin ya fi dariyar nauyi a kaina.

Da aka tashi na raka Alhaji bakin mota, ina addu'ar kada ya ce komai. Sai da ya sa ƙafa ɗaya a ciki ya juyo ya ce, "Malam, shaddar ta yi kyau ƙwarai." Iyakar abin da ya faɗa ke nan.

Na daɗe ina juya abin a raina. Wanda ya san hanya shi ne wanda ya taka ta da ƙafarsa cikin damina, ni launi kawai na shafa, kuma da an bi nawa layin da motar na can cikin laka. Yanzu duk aikin da ya shafi jama'a, tambaya nake fara yi kafin in buɗe biro. A wurin taro kuwa, ko sunana aka kira ɓaro-ɓaro, sai na bari an maimaita, sannan in taɓa na kusa da ni in ce, "Don Allah, wa aka ce?"