Ranar da Ɗaurin Malumfashi Ya Sauka a Funtuwa

Duk wanda bai san Alhaji Maitama ba bai san Funtuwa ba, in ji Alhaji Maitama. Dillalin masara ne, kuma mai jaridar Gangar Karkara, wadda a faɗarsa ita ke ɗora mutum kan kujera, ita ke sauke shi. Ya naɗa wa kansa sarautar Garkuwan Alƙalami. Mutanen gari kuwa, saboda tsabar ƙauna, Alhaji Shafin Farko suke ce masa, don tun da jaridar ta shigo hannunsa hotonsa bai taɓa gangarawa shafi na biyu ba.

Asali wani tsohon malamin makaranta ne, Malam Awaisu, ya kafa ta don ya riƙa yi wa masu sayen auduga faɗa. Da ya rasu, magada suka fito da kayansa kasuwa. Injin niƙa Alhaji ya je saye, aka ba shi jarida gyara. Amma in ka ji shi yana ba da tarihi, sai ka rantse da biro a hannu aka haife shi.

"Mu 'yan jarida ba mu da ɓangare," yake gaya wa leburorin da ke loda masa buhuna. "Inda gaskiya ta sauka, nan muke sauka."

Bai yi ƙarya ba. Ba shi da ɓangare ɗaya, biyu gare shi. Honorabul Jibril na Funtuwa da Injiniya Mannir na Malumfashi sun daɗe suna kokawa kan kujera guda, kuma kowannensu ya yi masa alkawarin muƙamin mai ba da shawara kan yaɗa labarai. Alhaji har ya ɗinka rigar rantsuwa. Don kada ya yi asarar kowa, sai ya riƙa bugu biyu. A na Funtuwa, Jibril gwarzo ne, Mannir ya cinye takin manoma. A na Malumfashi, sai a juya musu sunaye. Manu direba ke sauke ɗauri ɗaya a tashar Funtuwa, ya wuce da ɗayan.

Ana saura kwanaki zaɓe, Alhaji ya leƙa tasha don ya gaisa da hotonsa. Sai ga shi ɓaro-ɓaro a saman ɗauri: "Jibril Ya Cinye Takin Manoma." A Funtuwa. Gumi ya keto masa. Wato Malumfashi na can tana karanta zagin ɗanta ke nan, muƙami biyu za su tafi rana ɗaya.

Ya cusa ɗaurin a bayan mota, ya kama hanya hula a karkace, yana haddar ban haƙurin da zai yi wa Injiniya Mannir. "Ranka ya daɗe, maƙiyan 'yancin faɗar albarkacin baki ne suka yi mana zagon ƙasa."

A Malumfashi ya nufi wajen wadda yake kira babbar wakiliyarmu, mai kwashe ɗauri gaba ɗaya kowane mako. Bai taɓa ganin ta ba. Ya tarar da ita, wata mata ce mai suna Ladidi, a gaban kasko tana tuyar ƙosai, rabin ɗaurin ya riga ya tafi.

"Baiwar Allah, mutum nawa suka karanta?"

"Karanta me, Alhaji?" Ta dube shi, ta dubi takardar da ke hannunta. "Ashe kai ne. To don Allah a rage tawada. Hular nan taka tana baƙanta min ƙosai."

Alhaji ya haɗiye wannan, ya juya kan Manu da ke zaune a benci yana karyawa. Ya yi masa jawabi mai tsawo kan amanar al'umma da girman kuskuren da ya tafka yau.

Manu ya lashe yatsa. "Wai dama daban-daban ne, Alhaji? Ni tun zaɓen da ya wuce, wanda hannuna ya fara kaiwa shi nake saukewa."

Shekaru ke nan. Jibril bai taɓa ƙorafi ba, Mannir bai taɓa fushi ba, ko karen siyasa ɗaya bai taɓa yin haushi ba. Alhaji ya tsira da muƙaminsa biyu, amma wallahi da an kama shi da ya fi masa daɗi. Ladidi ta tausaya masa, ta ƙunsa masa ƙosai mai zafi a cikin shafin farko.

Mako na zagayowa, Gangar Karkara ta fito da babban kanu: "Jaridarmu Ba Ta Kwana a Malumfashi." Tun rasuwar Malam Awaisu, wannan ce gaskiya ta farko da ta buga.