Rasuwar Bebe, Jirgin Ba Zarami

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma ido mai cike da garin katako, dattijo Ba Zarami, kafinta na garin Diffa, yana sanar da ƴan uwa da abokan arziki rasuwar jirgin samansa marar inji, wanda aka fi sani da Bebe. Ya rasu ranar Talata bayan la'asar, yana da shekara sittin da uku.

An haifi marigayin a wani ƙauyen Turai, a hannun masassaƙa masu haƙuri. Haƙarƙarinsa siraran katako ne, kowanne bai fi kaurin yatsa ba, fatarsa farin yadi ce da aka ɗame kamar ganga, an kuma haɗa gaɓoɓinsa da gam na madarar shanu. Daga fiffike zuwa fiffike mita goma sha biyar ne. Tayarsa ɗaya, kujerarsa ɗaya, bai taɓa shan ko cokalin mai ba. A ƙuruciyarsa ya shiga gasar tashi, ya zo na bakwai cikin tara. Ba Zarami ya fi son a ce ya kayar da biyu.

Wani Bature mai haƙar rijiyoyi ne ya jawo shi Diffa a bayan mota, fiffikensa na hagu a fashe saboda ramukan hanyar Damagaram. Zarami, lokacin yana saurayi, shi ya ɗora karayar cikin kwana goma sha tara. Duk Lahadi sai Baturen ya shiga kujerar, a ɗaura wa Bebe doguwar igiya, mota ta ja shi a guje har ya ɗaga, ya saki igiyar, ya bi ungulaye suna kewaya iska mai zafi a saman kogin Komadugu. Ba ya ruri, ba ya hayaƙi. Iyakar maganarsa "fiiiii" in zai sauka. Zarami ne mai riƙe bakin fiffike, yana gudu da shi har ya kuɓuce masa.

Da aikin rijiya ya ƙare, Baturen ya bar wa Zarami jirgin, ya ce zai dawo ya koya masa tuƙi. Yau shekara arba'in ke nan. Ba Zarami ya yi masa rumfa a bayan shago, yana shafa masa fenti, yana yaƙi da gara. Kowace safiya sai ya shiga kujerar ya motsa sandar tuƙi hagu da dama, Bebe ya amsa da "ƙiiƙ." In maiɗakinsa Ya Falmata ta ce, "Malam, shayinka zai huce," sai ya ce, "Bari in sauka tukuna."

An shaidi marigayin da zaman lafiya. An shanya tattasai a fukafukansa bai yi ƙorafi ba. Jami'an tsaro sun zo bincikensa sau biyu, suka nemi inji suka rasa, suka tafi suna dariya.

Ciwon ajalinsa ya fara ne shekarar da kogi ya cika ya shigo gidaje. Danshi ya ratsa shi, gam ɗin madara ya tuna asalinsa ya fara tsami. Ranar Talatar, guguwar farkon damina ta yaye rumfar, ta tsinke igiyoyin da aka ɗaure Bebe da su. Ba Zarami yana dawowa daga masallaci ya ɗaga kai ya ga Bebe a sama, a miƙe, ya haye katanga ya haye darbejiya, yana "fiiiii" kamar dā. Tsohon ya yar da carbinsa ya bi shi da gudu yana kiran, "Tsaya mini!" Bai tsaya ba. Ya faɗi a garkar maƙwabcinsu Alhaji Usmanu, ya rabu gida huɗu. Daga cikin kujerar sai ga jar kazar Ya Falmata, wadda ta kwana uku tana kwanci a wurin, ta fito ta karkaɗe jiki. Ba Zarami ya zauna a kan kunyar shuka ya yi kuka, ba wanda ya iya ba shi haƙuri don kowa yana danne dariya.

Marigayin ya bar taya ɗaya mai iska, da igiya, da gara masu yawa waɗanda yanzu ba su da mai ci da su.

Za a ɗauko gawar gobe da hantsi a amalanken jaki. Ana roƙon mata masu neman itacen girki su dakata sai bayan sadakar uku. Za a karɓi gaisuwa a ƙofar shagon, inda za a tarar da Ba Zarami zaune a kujerar marigayin. Abincin sadaka shinkafa ce da wake. Ya Falmata ta so a yanka jar kazar, amma Ba Zarami ya hana. Ya ce duk faɗin Diffa ba a yanka matuƙin jirgi, kuma akwai abubuwan da yake son ya tambaye ta.