Ranar da na Karanta Rubutun Iska

Ba zan taɓa mantawa da wata Laraba ba, a shekarar da aka buɗe masallatai bayan kullen korona. A lokacin sunana ya ɗan fita a Ƙofar Jatau wajen karanta tsofaffin takardun ajami. Duk wanda ya tsinci wasiƙar kakansa a adaka, wurina yake kawowa. (Ba zan ɓoye ba, abin ya fara shiga kaina.)

Bayan la'asar muna zaune a zaurena, mu shida, har da Malam Garba mai ɗinkin hula, wanda muka yi makarantar allo tare. Sai ga Dakta Rifkatu, 'yar Wusasa mai koyar da tarihi a jami'a, ta zo da hotunan wasu takardu in karanta mata. Na karanta uku ba gargada. Tana amsa waya a waje na zaro na huɗu.

Hoton jaja-jaja ne kamar tsohuwar fata, da baƙaƙen lanƙwasa a jere kamar jinjirin wata, ga ɗigo-ɗigo a tsakani. Gaskiya ban gane komai ba. Amma ido goma na kaina, sai na gyara tabarau na ce wannan hannun magabata ne, ga nun ara nan ba ɗigo, yadda malaman da suke yi. Na ce rubutun kan fata ne, kuma da alama marubucin Bakatsine ne. Har na fara haɗa wata addu'ar neman ruwa.

Malam Garba ya leƙo ya ce shi dai bai ga harafi ko ɗaya ba, abin ya fi kama da bakin rafi bayan ruwa ya janye.

"Garba," na ce, "ka tsaya a kan allurarka. Wannan ba zanen hula ba ne."

Aka yi dariya.

Dakta ta dawo, ta ga abin da ke hannuna, ta rufe baki. Cikin ladabi ta ba ni haƙuri, ta ce wani hoto ne da maigidanta ke koyar da ɗalibai da shi ya shiga cikin nata. Tuddan rairayi ne a duniyar Mas, wadda littattafanmu ke kira Mirrihi, wata na'ura ta ɗauko daga sama. Iska ce ke tara rairayin tana lanƙwasa shi haka, can inda ba mutum balle alƙalami.

Wani ya tambaya a hankali ko Bakatsinen da mota ya je.

Ni dai na ce Allah mai iko, na yi ta maimaitawa. Da na ɗaga kai, Malam Garba ya sa takalminsa ya tafi.

Mako uku bai taka zaurena ba, abin da bai taɓa faruwa ba tun muna yara. Dariyar unguwa ba ta dame ni kamar wurinsa da ke wayam a tabarma ba. Ranar wata Alhamis na je rumfarsa na ce masa shi ya gani daidai, ni na yi ƙarya kuma na ci fuskarsa, ya yafe mini.

Sai ya jawo wata jar hula, an ɗinke ta da baƙaƙen lanƙwasa da ɗigo-ɗigo. Ashe ya aika an karɓo masa hoton.

"Ka ce ba zanen hula ba ne. Sa ta ka je Juma'a, mun rabu lafiya."

Na sa, kuma har yau ita ce hular Juma'ata. Wanda ya tambaye ni abin da aka zana, sai in ce ban sani ba. Sai da na haura sittin na koyi faɗin wannan, kuma daga wata duniyar aka aiko mini da darasin.