Roƙo ga Raƙumin da Ya Cinye Mini Iri

Zuwa ga Mai Girma Amale, raƙumin da ke gaban ayarin gishiri, mai dogon wuya, mai duban talaka ta sama. Ranka ya daɗe.

Bayan gaisuwa da tambayar gajiyar hanya, da fatan tozonka yana nan cike yadda muka gan shi, ni ne Ɗan Azumi, manomi a bakin tafkin Madarunfa. Na so in kai kukana ga madugunku, sai na lura shi ma bayanka yake bi.

Na ɗaya. Da kaka kun sauka garinmu da kantun gishiri, kuka tashi da hatsinmu zuwa Azbin. Ba wanda ya tilasta mu, a faɗi gaskiya. Mai gari ne ya ce mu adana gishirin, in bazara ta yi mu musanya shi da hatsin da ya ninka wanda muka bayar. Muka jera kantu a rumbu, muka liƙe bakinsa da laka yadda aka saba. Bana ko ɓera bai kusanci rumbuna ba. Mun gode.

Na biyu. Da bazara ta yi, na ɗora wa jaki kantu zuwa kasuwar Safo. Ashe su ma kun sauka wurinsu, kuma mai garinsu dabararsa ɗaya da ta namu. Wuni muka yi, mai gishiri yana yi wa mai gishiri talla. Ranka ya daɗe, akwai garin da ba ku biya ba, mu je can?

Na uku. Awakin unguwa sun gano arzikina. Sun yi ta lasar gindin rumbun har ya durƙusa, irin durƙuson da kake yi in za a labta maka kaya. Matata Tani ta ce tun da ta yi aure ba ta taɓa yin miya mai ɗanɗanon ta bana ba, abin tsomawa a ciki ne kawai babu. Yara su lashi kantu, su gangara su sha tafki, su kwanta. Masunta har sun fara ƙorafin ruwa yana ja baya. Ina yi wa yaran dariya, amma wallahi raina ba daɗi.

Na huɗu, shi ne ya sa na ɗauki alƙalami. Dami ɗaya Tani ta hana a taɓa, na iri, zangarnun da ta zaɓa da hannunta. Muka rataye shi can ƙolin tsamiyar ƙofar gida, inda akuya ba ta kaiwa, yaro mai yunwa ma ba ya kaiwa. Wuyanka ne kaɗai bai zo mana a rai ba. Shekaranjiya da kuka sake biyowa da sabon kantu, madugu yana tambayata ko da sauran hatsi, ina rantsuwa babu, sai ka miƙa baki ka ƙaryata ni a gaban jama'a. Har igiyar ka haɗa. Ya ka ji shi? Irin kakana ne.

Ba na neman diyya, don na san da gishiri za a biya ni.

Alfarma ɗaya nake roƙo. Hadari ya fara haɗuwa, ba ni kuma da ƙwaya ɗaya ta shuka sai wadda ke cikinka. Gonata tana gabas da tafki, kusa da babban gawo, na riga na yi saran ramukan shuka. In buƙata ta kama Mai Girma, ya daure ya riƙe har ya iso, ya bi ramukan a hankali yana saukewa. Tani za ta biyo baya tana rufewa da diddige. Ko kaɗan ne suka tsira daga haƙoranka, muna so.

In kuma ka riga ka sauke a hanya, a taimaka a nuna mini wurin, in kwashi iyalina mu zauna can mu jira ruwa.

Naka mai biyayya, mai bin sawunka da ƙwarya a hannu,

Ɗan Azumi na bakin tafki,
Madarunfa.