Takardar Majalisa a Cikin Tanderu

Ba zan taɓa mantawa da zamanin da nake ganin duk Jidda babu Bahaushe mai zuciya irin tawa ba. In aka zauna shan shayi a unguwar Bani Malik, ni ne mai ba da labarin ranar da na tsaya gaban jami'ai goma ina musu da su da Larabci har suka ba ni haƙuri (jami'i ɗaya ne, kuma hanya na tambaye shi, amma labari in ya daɗe a bakina ƙiba yake yi). Shekara ashirin da ɗoriya ina tuƙa motar wani sito a Khumra, iƙamata, wato takardar izinin zama, ba ta taɓa mutuwa ba, kafilina kuma, uban gidan da ya tsaya mini, mutumin kirki ne. Wanda takardunsa suka cika haka, jarumta ba ta yi masa tsada.

Malam Sabi'u ne ya kawo maganar. Shi mai koyar da yara karatu ne gida-gida, mutum mai sanyi wanda ko tari zai yi sai ya nemi afuwa. Ya ce mana mu da muke zaune a waje ba mu da damar kaɗa ƙuri'a in zaɓe ya zo a gida, alhali mu ne ake bugo wa waya in rufin asibitin ƙauye ya zube. Ya ce ana ta maganar gyara tsarin mulki a ba mu damar, amma ko majalisar tarayya ta yarda, sai majalisun dokokin jihohi sun amince. Saboda haka mu rubuta wa majalisar jiharmu wasiƙa, mu sa sunayenmu. Sharaɗinsa ɗaya ne: ba a ambatar jam'iyya. Duk wanda ya ambata, a ɗauke kofin shayin da ke gabansa. (Sau uku aka ɗauke nawa a zaman farko.)

Rubuta wasiƙa bai yi wuya ba. Sa hannun ne aiki. Yawancin mutanenmu ba su iya sa hannun boko ba, sai dangwale da babban yatsa. To a nan garin, wanda ya zo umara ya zauna babu iƙama, babu abin da yake tsoro a duniya kamar a ɗauki hoton yatsansa. Basma ake ce mata. Ranar da aka yi maka basma, ranar ce za a tasa ƙeyarka gida, kuma ba za ka sake dawowa nan kusa ba. Sai ga ni da kwalin tawada ina bin gidaje ina cewa, "Kawo yatsa."

Wadda ta fi ba ni wahala Hajiya Ladi ce, wata tsohuwa mai sayar da yaji da daddawa, wadda ta dawo Bani Malik bayan an rushe unguwarsu ta Karantina. Sau huɗu ina zuwa.

"Alhaji," ta ce, "yatsan nan na fi shekara goma ina ɓoyonsa. Kai kuma ka zo da takarda in manna shi kusa da sunana da garinmu. Me ya rage wa masu kamu? Sai kuɗin mota?"

Na bugi ƙirji na ce, "Hajiya, in dai ina numfashi, daga hannuna sai hannun mai kai ta gida."

Sai ta ce jikokinta na can gida, in ƙuri'arta za ta sa a gyara musu makaranta, to bismilla. Ta miƙo yatsa tana kau da kai kamar mai karɓar allura.

Wata biyu muka yi, muka tara mutum arba'in da ɗaya. Wani alhaji da ya gama umara zai koma gida ranar Alhamis da azahar, ya yarda zai kai. Da aka ce wa zai kai masa ambulan a masaukinsa, kun san wanda ya miƙe.

Safiyar Alhamis na sa ambulan a aljihun jallabiya, na fito ina tafiya kamar jakada. Yunwa ta ce in biya shagon Ba'afganen da ke gasa tamis, burodin nan mai faɗi da ake mannawa a cikin tanderu. Na shiga layi. Saura mutum biyu a gabana sai na ji tsayuwar mota a bayana. Na waiga. Motar 'yan sanda.

Sai a lokacin na fahimci abin da ke aljihuna: sunaye arba'in da ɗaya, garuruwa arba'in da ɗaya, basma arba'in da ɗaya, na jera su da hannuna, har da layi da rula. Ga shi a ƙasar nan ba a saba da baƙo yana yawon tara sa hannu ba. Na hango Hajiya Ladi a bayan motar kamu da tirenta a cinya. Na hango kafilina yana cewa bai taɓa ganina ba. Ambulan da bai kai nauyin goro ba ya koma buhun siminti.

Ɗan sanda ɗaya ya fito, ya zo ya tsaya daidai bayana. Ina jin numfashinsa a wuyana. Na duba hannuna, sai na ga babban yatsana shuɗi fes, don tawadar jiya ta ƙi fita. Na cusa shi a baki. Mutum mai furfura a gemu, a tsaye a layin burodi yana tsotsar yatsa. Na karanta duk addu'ar da na sani, har da ta shiga kasuwa.

Sai na ji hannu a kafaɗata.

Ban yi shawara da kowa ba, har da kaina. Na zaro ambulan, na yi tsalle ɗaya (gwiwar da likita ya ce kada in hau bene da ita), na jefa shi cikin tanderu. Wuta ta yi fuu. Ba'afgane ya ɗora hannu a ka yana zagina da yare uku, tamis guda shida suka faɗa cikin toka.

Ɗan sandan ya zagayo gabana yana kallona. Ya ce da Larabci, "Lafiya, ya Hajj? Cewa zan yi ka matsa, layi ya zo kanka." A hannunsa kuwa ɗan kwanon sayen wake ne. Kumallo bawan Allah ya zo saya.

Sannan ya nuna tanderu ya ce, "Me ka jefa?"

A nan ne bakina, wanda ya saba aiki ba da izinina ba, ya ce, "Wasiƙar wata mata ce. Ba na so matata ta gani."

Ya dubi furfurata, ya dubi leɓena da ya yi shuɗi, ya fashe da dariya har ya dafa bango. Ya ce, "Allah ya shirye ka, dattijo. Yalla, halas, tafi abinka." Duk layin suka ɗauka. Wani Bamisre har da dafa mini kafaɗa, wai ya fahimta.

Alhajin da zai kai wasiƙar ya tashi da azahar hannu wofi.

Bayan la'asar na je zauren da muke haɗuwa. Malam Sabi'u na nan, da mutum kamar takwas, Hajiya Ladi tana zaune daga bakin ƙofa. A hanya na yi niyyar faɗin gaskiya, wallahi na yi. Amma da na buɗe baki sai na ji motoci sun zama biyar, an tare titi ta gabas da yamma, ana bincike aljihu-aljihu, ni kuma na yi ta maza na sadaukar da takarda don in ceci jama'a. Malam Sabi'u har idonsa ya kawo ruwa. Ya ce wata biyu sun tafi, amma rai ya fi takarda.

Hajiya Ladi ta bari na kai aya. Sannan ta ce, "Ina tsallaken titi da tirena, Alhaji. Mota ɗaya ce. Yaron nan kullum nan yake sayen wake, har yaji yake saya a wurina." Ta gyara mayafi. "Wace mata ce ta rubuto maka wasiƙar?"

Malam Sabi'u ya miƙa hannu a hankali ya ɗauke kofin shayina, ko jam'iyya ban ambata ba.

Abin da na koya shi ne, tsoro ba ya tambayar ko iƙamarka tana da rai, kuma in za ka ƙara wa labari gishiri, ka fara duba wanda ke zaune a tsallaken titi.

Aka yanke shawara a sake daga farko. Na ɗauka ba wanda zai ƙara ba da yatsa, amma Hajiya ce ta fara dangwalawa a sabuwar takarda, ta ce ita za ta bi gidajen, ita kuma za ta kai wa duk wanda zai tafi. Na yi ƙarfin hali na ce ko in raka ta. Ta goge yatsanta da gefen zani, ba ta ko kalle ni ba.

"Ka huta, Alhaji. Ranar da aka ba mu damar zaɓen ma ka zauna a gida, don a bakin akwati ɗan sanda ake ajiyewa."