Yadda Aka Ɗauki Gwanin Kwamfuta a Sama Road

Jiya tun hantsi nake layin mai da ɗan babur ɗina, a ƙasar da aka ce man ya yi mana yawa har mun rasa yadda za mu yi da kuɗinsa. Ana zuwa kaina famfo ya yi tari ya mutu. Ina turo babur zuwa Unguwar Rogo sai na riski maƙwabcina Malam Ishaya a gindin darbejiya, ya zabga tagumi kamar wanda aka kawo wa sammaci.

"Lafiya, Malam Ishaya?"

"Ina fa lafiya, Malam? An sa ni alƙalanci a kan abin da ban taɓa ganin an kunna ba."

Ashe ma'aikatarsu ta Sama Road ce ta sayo kwamfuta daga Turai, ƙatuwa kamar kabad biyu, wai ita za ta riƙe sunayen ma'aikata da bayanansu. Sai da aka yanke ƙyalle aka ci kaji, sannan aka tuna babu wanda ya san inda ake taɓa ta. Nan take shugabansu, Mai Girma Sarkin Sa-Hannu, Allah ya ƙara wa alƙalaminsa tawada, ya kafa kwamitin ɗaukar gwani: shi da kansa, da wani mai kaki wanda ba ya cire baƙin tabarau, da Ishaya, don an taɓa ganinsa yana gyaran fanka. Jama'a, makafi uku ke nan aka tara su zaɓi zane mai kyan launi.

Mai kaki ya ja wa Ishaya kunne: in aka ɗauko baragurbi, wanda ya san lantarki shi zai yi bayani a bariki. Bawan Allah kuwa saura ƙiris ya yi ritaya, ga yara a makaranta.

Ranar tantance masu neman aikin, Dorcas ce ta fara shigowa, wata malamar lissafi da ta koyo aikin a Ingila. Ta ce, "Ranka ya daɗe, kwamfutar nan kamar rumbu ce. Aikina in san inda aka zuba kowane hatsi, in hana gara da ɓera, in kuma ajiye iri a wani wuri saboda gobara."

Sarkin Sa-Hannu ya yamutsa fuska. "Rumbu? Rumbu munka yo oda tun daga Turai? Ai har ni na gane abin da kinka ce! Je ki, za a neme ki."

Sai ga wani Tambari, kwat da taye cikin zafin Sakkwato, suma kamar kwando. Ya yi ta zubo Turanci ta hanci har shayi ya huce. Mai kaki yana gyaɗa kai kada a ce bai gane ba, Sarki yana gyaɗawa don mai kaki ya gyaɗa. Suka juyo kan Ishaya, Sarki ya ce:

"Kai masani, mi kag gani?"

"Ranka ya daɗe, ko kalma ɗaya ban fahimta ba."

"Madalla! Wanga shi ne gwani."

Ishaya ya buɗe baki zai ce a kira Dorcas, ya hangi fuskarsa cikin baƙin tabarau na mai kaki, ya sa hannu.

Aka ba Tambari mota da gida da ofis mai sanyi. Dorcas ta koma wa allonta da alli. Shekaranjiya gwanin ya ja Ishaya bayan ƙofa, ya rage murya, cikin Hausa garau: "Baba, don girman Allah, ina makunnin abin nan yake?" Ashe rediyo yake sayarwa a Sabon Gari, Turancin kuwa a silima ya kwaso shi.

Na ce, "To yanzu ina mafita?"

"Addu'a nake yi, Malam, kada masu wuta su kawo wuta har in yi ritaya. Muddin babu lantarki, asirinmu a rufe yake."

Na ce masa ya je ya ci tuwonsa hankali kwance. Duk faɗin ƙasar nan, ban san addu'ar da ta fi wannan saurin karɓuwa ba.