Rasuwar Kyanwar Matata

Yau da safe wata kyanwa da ta mutu tun makon jiya ta yakushe ni a bayan hannu. Kada mai karatu ya ce layin mai ne ya taɓa mini kai. Kyanwar matata ce, Gimbiya muke ce mata, kuma a hukumance kawai ta mutu. A gida kam tana nan tana lashe mana murfin tukunya.

Ga yadda aka yi. Ina cikin layin gidan mai, na tura babur har na manta yana da inji, sai rediyon wani direban tasi ya kawo labari da irin muryar da ake sanar da rasuwar manya. Wai karen ɗan wasan gaban ƙungiyar garinmu, Mai Lamba Tara, ya mutu, kuma yaron ya ce ƙafarsa ba za ta iya taɓa ƙwallo ba. Nan take layi ya rabu biyu. Direban ya ce shi ranar da aka binne mahaifinsa ma bai kwana ba tare da ya ɗauki fasinja ba. Wani mai gyaran takalmi ya ce a bar yaro ya yi kukansa, tunda duk garin nan karen ne kaɗai bai taɓa zaginsa ba in ya ɓarar da fenariti. Ni dai bayan mai gyaran takalmi na bi. Wanda ya ga yadda Mai Lamba Tara ke buga ƙwallo yana cikin walwala ba zai so ya gan shi a fili yana jimami ba.

Kafin in kai bakin famfo, Mai Girma Uban Kwamitoci, mai kula mana da harkar wasanni, ya riga ya yi jawabi. Wannan bawan Allah ya yi mana alkawarin fitilun fili tun ina da gashi a ka, amma a kan kare bai ɓata ko yini ɗaya ba. An ɗage wasa. An kafa doka cewa duk ma'aikacin ƙungiya da ya rasa dabbar gida yana da hutun mako guda. An kuma naɗa kwamitin da zai tashi zuwa ƙasashen waje ya koyo yadda ake makokin dabbobi. Allah ya ƙara wa Mai Girma tausayi, wataƙila wata rana ya gangaro kan masu ƙafa biyu.

To, ƙofar da ke kallon tamu a gidan haya ta Mai Ciyawa ce, mutumin da ke aske ciyawar filin wasa yana zana masa farin layi. Yayarsa, wadda ta goya shi bayan rasuwar uwarsu, tana kwance rai a hannun Allah a wani gari mai nisa, kuma kullum aka kira waya sai a ce sunansa take ambata. Ya je wurin Manajan ƙungiya neman izini. Manaja ya ce hutun dangi sai an mutu tukuna, kuma sai Mai Girma ya amince da bakinsa. Shi kuwa Mai Girma ba a ganinsa sai inda aka kafa kyamara. Da aka ɗage wasa Mai Ciyawa ya ɗauka ya samu hanya. Ashe shi za a ba shebur ya haƙa wa karen kabari a bayan raga, wai shi ya san inda ƙasa ta fi laushi.

Ya dawo da yamma da laka har gwiwa, ya zauna a bakin ƙofa bai ko cire takalmi ba. Tausayinsa ya kama ni. Matata ce ta ajiye tsintsiya, ta dubi Gimbiya da ke miƙa a kan buhun gawayi.

"Maƙwabci, kana da dabba?"

"Ko kaza ba ni da ita, maman yara."

"To daga yau kana da kyanwa, kuma ɗazun nan ta cika. Allah ya ba ka haƙuri."

Na ce, "Ke, ƙarya fa kenan."

Ta ce, "Baban yara, in ka san wata gaskiyar da za ta kai shi wurin yayarsa, faɗe ta mu ji."

Ban san ko ɗaya ba.

Washegari da ya kai labarin mutuwar kyanwa, Manajan da ko kujera bai taɓa ba shi ba ya miƙe tsaye ya rungume shi. Har tambayarsa ya yi ko ta sha wahala kafin ta cika. Kafin rana ta take Mai Ciyawa yana cikin mota.

Abin da ba mu lissafa da shi ba shi ne Mai Girma ya ɗanɗana daɗin gaisuwar kare a talabijin, yana neman ƙari. Yau da safe sai ga jerin motoci sun toshe mana lungu, kowacce tankinta cike, ban san a wane layi suka sha ba. Tunda mai rashi ba ya nan, ni aka tsayar a matsayin dangi. A guje na cusa marigayiya cikin kwandon wanki, a nan ne ta bar mini shaida a hannu.

Mai Girma ya zauna a kujerarmu mai ƙafa uku da bulo, ya cire tabarau, ya fara bayanin halayen kirki na kyanwar da bai taɓa gani ba. Yana tsaka da haka murfin kwando ya faɗi. Gimbiya ta fito tana taku ɗai-ɗai, ta ratsa tsakanin 'yan jarida, ta ɗare cinyarsa.

Ya shafa bayanta, ya dubi kyamara. "Allah sarki. Marainiyar da ta bari kenan?"

Matata ta ce, "Ita ce, ranka ya daɗe. Kamarsu ɗaya."

Nan take ya yi alkawarin kafa kwamitin kula da marainiya.

A daidai lokacin wayata ta yi ƙara, na koma gefe. Mai Ciyawa ne. Ya ce Yaya ta rasu da safen nan, hannunta cikin nasa. Ta gane shi, har ta yi masa faɗan ya rame. Ya roƙe ni kada in bari ofis su ji, don in suka gane mutum ya je yi wa jinya, aikinsa ya tafi.

Hawaye suka zubo mini, na gaske, na kasa tsayar da su. Mai kyamara ya matso da sauri. Mai Girma ya taso ya dafa kafaɗata, ya ce, "Yi haƙuri, malam. Kyanwa akwai shiga rai."

Na ce, "Ƙwarai, ranka ya daɗe. Ita ta raine shi."

Ya gyaɗa kai cike da fahimta, suka shiga motocinsu.

Saboda haka masu tambayata ko ya dace a ba 'yan ƙwallo hutun makokin dabba, na ce a ba su, a ƙara musu ma. Da ba don karen nan ba, da baiwar Allah ta tafi tana kiran ƙaninta. Yanzu haka mai gadin fili da mai wankin rigunan 'yan wasa suna tsaye a ƙofata, ɗaya uwarsa na asibiti, ɗaya matarsa ta kusa haihuwa, kowa na tambaya ko marainiyar tana jin jiki. Na ce su bi layi. Duk garin nan, shi kaɗai ne layin da in ka bi za ka samu abin da ka zo nema.